Shekarar da Ƙafata Ta Ƙi Ƙofa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni ƙafa na yi yawo da ita har na ƙoshi, ya kuma rage mata ƙarfi lokacin da ya ga dama.

Kabiru, Hadiza, da ku sauran ƙanana, wannan babin saboda Baba Sale na rubuta shi. Na ji da kunnena, ranar sunan ɗiyar Hadiza, wata mata tana ba wata labari ta bayan labule, wai ƙanena ya taɓa binne mani asiri a bakin ƙofa, amma da yake ni mai haƙuri ne sai na yafe mashi. Kai! Na rasa wadda ta fi ba ni haushi, ƙaryar farko ko ta biyu. Ni da haƙuri? Ku tambayi Innarku. Kuma ban yafe ma Sale komai ba, don bai yi mani abin da za a yafe ba. Tunda maganar ta ƙi mutuwa, gara in zauna in faɗa maku yadda aka yi tun ina iya riƙe biro, ko da yake rubutun nawa ya ƙanƙance, sai kun sa tabarau.

Kun san aikin malamin gona na yi har na ajiye. Ƙauyukan Kurfi da na Dutsin-Ma babu wanda ban taka ba, kuma yawanci a ƙasa, don babur ɗin ofis kullum yana wurin makaniki. Saurin tafiya gare ni na fitar hankali. Manoma kan ce in za a zagaya gona da Malam Haruna sai mutum ya ci tuwo ya ƙoshi tukuna. Ga murya, in na yi tsawa a ƙofar gida awakin maƙwabta ma sai sun watse. Ina alfahari da abubuwan nan biyu, ba zan ɓoye maku ba. Shi kuwa Sale, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na riƙe shi bayan rasuwar tsohonmu. Na kai shi makaranta ya gudo, na mai da shi ya sake gudowa, ƙarshe ya bi magina ya zama magini, ya zauna a gidan gado a Rawayau. Gajere ne, ga surutu, ga tsokana, in yana wuri ba a jin bakin kowa. Duk duniya shi kaɗai ke gaya mani magana son ranshi in yi dariya maimakon in yi faɗa.

Shekarar da na ajiye aiki, bayan an gama girbi, sai ga shi a Dutsin-Ma da kayan aikinshi ɗaure a bayan babur. Ya tsaya ya ƙare ma zaurena kallo, ya girgiza kai.

"Yaya, wannan zauren naka abin kunya ne. Kaza ma sai ta yi addu'a kafin ta shiga. Rushe shi zan yi."

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Kai dai sayo siminti ka koma gefe, kada ka koya mani aikina."

Haka ya rushe shi ya tada sabo, ya sa ƙofar ƙarfe 'yar siririya daga waje, wata daga ciki, ya bi tsakar gida ya shafe da siminti sumul, ko tsakuwa ɗaya ba ka gani. Da na yi maganar ladan aiki sai ya ce in na sake faɗi zai kwashe ƙofofinshi ya tafi da su. Innarku ta yi ta murna ta huta da sharar ƙasa.

Gaskiyar magana, ciwon ya riga zauren zuwa, mu ne ba mu san sunanshi ba. Innarku ce ta fara lura. Ta ce hannuna na dama ya bar lilo in ina tafiya, na ce ita kuma aikin da ta samu ke nan, gadin hannuna. Ta ce in na zauna yatsuna na motsi kamar mai jan carbi alhali ba carbi a hannun, na ce sanyi ne. Na bar jin ƙamshin miyarta, na ɗora ma daddawar laifi. Sai wata rana da bazara, an kira la'asar, na yi alwala na nufi masallaci. Na ratsa tsakar gida ina ɗan jan ƙafa, na shiga zaure, ina isa bakin ƙofar waje sai ƙafafuna suka kafe. Ba ciwo, ba jiri. Raina ya riga ya fita yana kan titi, ƙirjina ya karkata gaba zai bi shi, ƙafafun kuwa sun ce ba inda za su. Sai ɗan rawa suke yi a wuri ɗaya. Maƙwabcinmu mai injin markaɗe ya zo wucewa ya gan ni riƙe da ƙofa.

"Malam, addu'ar fita gida ce ta yi tsawo haka? A koya mamu mana mu ma."

Na harare shi. Can sai ƙafar ta saki don kanta, na fita da ɗan gudu-gudu kamar an turo ni, da kyar na tsaya. Daga ranar abin ya zama ɗan gida. Wata rana in wuce lafiya, wata rana in tsaya har a sallame salla ina bakin ƙofa ina zagin ƙafafuna a zuci.

Abin da ya rikita kowa shi ne gona. Da damina ta sauka aka yi huɗa a 'yar gonata ta hanyar Shema, Kabiru ya kai ni in gani. Ina sauka na sa ƙafa na tsallake kunya ta farko, na tsallake ta biyu, sai ga ni ina ratsa gonar nan kamar da, har masu aiki suka ajiye fartanya suna kallo. Wallahi ranar har waƙa na yi. Muka dawo gida da yamma ina ta cika baki, ina isa ƙofa na kafe.

Labari ya kai Kurfi wurin Gwaggonku Ladi, yayarmu ni da Sale. Ta iso da safe ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta sa na taso na nufi ƙofa tana kallo, ƙafar kuwa ba ta ba ta kunya ba, ta kafe. Gwaggo ta tafa hannu.

"Innalillahi! Haruna, wane irin ciwo ne mai zaɓen wuri? Mutum ya yi sukuwa a gona, ya zo ƙofar gidanshi ya sandare? Ƙofar nan an sa mata hannu."

Ku yi mata adalci, so ne ya ja ta. Ita ta goye ni ina jariri, kuma abin da ta gani da idonta kowa ya gani. Ta tafi wurin wani mutum da take zuwa a can wajensu, shi kuwa ya buga ƙasa ya ce akwai abu a binne, kuma wanda ya zuba simintin ya san abin da ke ƙarƙashi. Bai ambaci suna ba, amma garin nan kaf wa bai san wanda ya zuba simintin ba? Kafin kasuwa ta sake ci magana ta kai Rawayau, har an yi mata ƙari, wai gonar gado Sale ke so ya cinye shi kaɗai. Da na ji, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na buɗe baki in yi tsawar da na saba, sai wata 'yar murya ta fito, siririya, ko kazar da ke gabana ba ta ɗaga kai ba. Ashe ciwon ya taɓa muryar ita ma. Fuskar kuma ta daskare ban sani ba, ina tafasa a ciki, a waje kuwa kamar mai jiran mota. Gwaggo ta dube ni ta ce ma Innarku, kin gani ko, shi ma jikinshi ya ba shi, shi ya sa ya yi shiru.

Ranar da ta fi yi mani ciwo a shekarar ita ce ranar da Sale ya zo. Da hantsi ne, ina zaune a tsakar gida na ji tsayuwar babur ɗinshi, na ji sallamarshi, amma babu tsokanar da ya saba haɗawa da ita. Bai shigo ba, shi da ke faɗowa har madafa ya buɗe tukunya. Ya tsaya a waje kamar baƙo. Daɗi ya kama ni, na ce yau zan kama hannunshi mu zagaya unguwa kowa ya gani. Na miƙe, na shiga zaure, muka haɗa ido ta ƙofar waje, sai ƙafar ta kafe. Ɗokin da nake yi ma ya ƙara ɗaure ta. Na ce, Sale shigo, injin markaɗen maƙwabci na ta ruri, ko ni ban ji abin da na faɗa ba. Abin da shi ya gani, yayanshi ya taso ya tsaya daga nesa, ya zuba mashi ido da fuska ba annuri, bai amsa sallama ba, bai miƙo hannu ba. Ya jira. Ya sake sallama. Sannan ya kwance ɗan buhun gyaɗar da ya kawo ya jingine a bakin ƙofa.

"Shi ke nan, Yaya. Na gane. Allah ya ba ka lafiya."

Kafin ƙafar ta sake ni ƙarar babur ɗin ta ɓace. Na zauna a kan buhun gyaɗar nan na yi kuka, ni Haruna, da girmana. Na kira wayarshi, ya ɗauka ya gaishe ni da ladabi kamar wani hakimi, ina magana yana cewa ba ya ji, ya kashe. Innarku ta shiga mota ta je har Rawayau ta rantse mashi. Ya ce mata, Hajiya, ke mutuniyar kirki ce, gyara kike so ki yi, amma ni na ga idonshi da idona. Babbar Salla ta zo ta wuce, karo na farko tun yana yaro Sale bai ci naman gidana ba.

Bayan Salla Gwaggo ta dawo, wannan karon da ƙarti biyu da diga da shebur, za a fasa bakin ƙofa a tono abin da aka binne. Na ce ba za a fasa ba. Na san in diga ta taɓa simintin nan sau ɗaya, ko ba a samu komai ba, an riga an ce Sale ya yi, kuma da yardata. Muryata ba ta kai ba, don haka na tashi na je na tsaya a kan dokin ƙofar. To, ranar ce ciwon ya yi mani rana. Ina tsayawa ƙafafun suka kafe, kafewar da ba su taɓa yin irinta ba. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce in matsa don girman Allah. Ko na so matsawa ina zan iya? Ƙartin suka dubi juna, ba mai iya ɗaga dattijo daga ƙofar gidanshi. Innarku na daga ciki ta gane abin da ke faruwa, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Taurin kan nan naka tun kana goye yake," in ji Gwaggo. "Ka zauna da abinka, na cire hannuna."

Ta tafi da ƙartinta. Suna shan kwana Innarku ta fashe da dariya har da zama a ƙasa, ni ma ina dariyar a ciki. Da ta lafa sai ta share ido ta ce, Malam, wasa ya ƙare, gobe Kabiru zai kai mu asibiti Katsina, in ka ƙi kuwa in kira ƙartin nan su dawo su sa ka a mota.

Likitar da aka tura mu wurinta yarinya ce, ba za ta girmi Hadiza ba. Aka kira sunana na taso, ina isa ƙofar ofishinta na kafe. Kunya ta rufe ni. Ita kuwa ko a jikinta. Ta taso ta ɗauki rula a kan tebur ta ajiye a ƙasa gabana, a gicciye.

"Baba, kada ka yi tunanin tafiya. Wannan kawai za ka tsallake."

Na ɗaga ƙafa na tsallake, sai ga ni a tsakiyar ofis. Innarku ta ce, la'ilaha illallahu! Kabiru ya saki baki. Likita ta zaunar da ni, ta lanƙwasa hannuna ta miƙe, ta sa na yi ta haɗa yatsu ina buɗewa, ta sa na yi tafiya na juyo. Sannan ta zagaya bayana ta ce in tsaya da kyau, ta fizgo kafaɗuna. Na yi baya taga-taga sai a hannunta. Na ce, 'yar nan, kokawa aka turo ni yi? Ta yi dariya ta ce gwada tsayuwata take. Ta tambaye ni ko akwai inda tafiya ke yi mani sauƙi, na ba ta labarin gona ina jiran ta ce ƙarya nake. Sai ta ce ai kunyoyin gona su ne rular, an jera mani su tun daga wannan gefe har wancan.

Ga yadda ta bayyana mani, kuma na riƙe shi da kyau don na sha maimaita ma mutane. Ta ce ciwon sunanshi Fakinsin. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke yin wani sinadari, dofamin. Mai lafiya in zai yi tafiya ba ya ce ma ƙafa ɗaga, sauke, ɗaga, sauke. Niyya kawai yake yi, tafiyar ta riƙa tafiyar da kanta yana hira yana kallon gari. Dofamin ne ɗan aiken da ke kai saƙon a fara, a ci gaba, a yi taku mai faɗi, a saki hannu ya yi lilo. Ni wurin da ke yin shi ya gaji, ɗan aiken ya yi ƙaranci, sai saƙo ya riƙa makara. Inda ya fi makara kuwa shi ne inda jiki ke buƙatar canza taku, wurin juyawa, ko ƙofa mai matsi, ko in mutum na cikin ɗoki ko idon jama'a na kanshi. Amma in ido ya ga abin tsallakewa, saƙon sai ya bi wata hanya, ta niyya da lura, wadda ba ta lalace ba. Ta ce za ta ba ni ƙwayoyin da jiki ke mai da su dofamin, za su sassauta taurin su rage nawar, sai dai ba sa warkarwa, kuma ƙarfinsu na hawa yana sauka a yini. Tangaɗin da na yi da ta fizge ni kuwa, ta ce shi bai cika jin magani ba, don ba dofamin kaɗai ke riƙe da tsayuwar mutum ba. Sai na riƙe sanda, in riƙa motsa jiki, in bar juyawa fuu kamar soja.

Innarku ta gyara zama.

"Likita, fuskar fa? Mutum ya wuni yana kallona kamar na ci mashi amana."

"Har fuskar, Mama. Da muryar. Duk saƙo ɗaya ne ke makara."

"Ashe! To Malam, na janye rabin abin da na faɗa a kanka a zuci. Rabin kuwa yana nan, don tun kana da lafiya ka tara shi."

Na fito asibitin nan an gaya mani ina da ciwon da ba ya warkewa, amma wallahi tun da aka fara abin ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. A mota ba abin da nake maimaitawa sai, ba Sale ba ne, kowa zai ji ba Sale ba ne. Har Kabiru ya ce, Baba, ai mu dama mun sani.

Magani ya karɓe ni. Ba a daɗe ba na fara sa maɓallin rigata da kaina. Wata safiya akuya ta sa kai a kwanon kokona, na daka mata tsawa, ta zabura ta yi waje, Innarku ta rangaɗa guɗa a tsakar gida kamar an kawo amarya. Kabiru ya sayo fenti ya ja layuka a kan simintin tun daga ɗakina har waje, gida ya koma kamar filin ƙwallo, ina tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Aka aika ma Gwaggo da bayani, ta ce to, Allah ya ƙara sauƙi, amma ita dai ta san abin da ta sani. Har yau ba ta sauka daga kan maganarta duka ba, kuma ta daɗe ba ta taka gidana ba. Na ji zafin wannan, don ina sonta.

Saura Sale. Kabiru ya ce bari ya je ya yi mashi bayanin likita. Na ce Innarku ma da ta fi ka baki ta je ta dawo. Innarku ta ce to in je da kaina, in sha magani daidai lokacin da zan isa garau, in shiga da ƙafata in rungume shi. Na kwana biyu ina juya wannan, sai na ga ramin da ke ciki. In na isa Rawayau ina tafiya garau, mi mutane za su ce? Za su ce ka gani, da ya bar ƙofar da Sale ya gina ya warke. Na ƙara ɗaure shi ke nan. Abin da zai wanke shi ɗaya ne, a ga ƙafata ta kafe a ƙofar da Sale bai taɓa sa ma hannu ba, kuma a gaban jama'a. Zauren gidanmu na gado kakanmu ya gina shi da ƙasa tun ba a haifi tsohonmu ba, kuma nan dattawa ke zama bayan an sauko Juma'a.

Kada ku ɗauka abin ya zo mani da sauƙi. Tun da ciwon ya tsananta nake ɓuya, ban yarda mutanen da suka san ni da sauri su gan ni ina jan ƙafa ba. Mutanen Rawayau kuwa su suka fi kowa sanina da shi. In na yi abin da na ƙudura, Malam Haruna mai ratsa gona ya ƙare a idonsu, sai dai a riƙa cewa wayyo, bawan Allah. Na auna wannan da Sale, na ga ai ba ma abin aunawa ba ne. Ranar Juma'ar na jinkirta ƙwayar rana da gangan. Daga baya da likita ta ji ta wanke ni tas, ta ce in na sake ba ruwanta da ni, don haka kada wani ya kwaikwaya.

Muka isa an sauko masallaci, ƙofar gida cike, an baza tabarmi. Kabiru ya buɗe mani mota, na hana shi riƙe ni. Na taho da sanda, a duƙe, taku ƙanana, hannu na karkarwa. Hira ta ɗauke ɗif. Wani tsoho da muka yi wasan ƙasa tare ya ce, Haruna ne wannan? Na ji maganar har cikin ƙashina, amma na ci gaba. Sale na cikin zaure a tsaye, ya gan ni, bai fito ba, bai kuma shige ba. Ina isa bakin ƙofar kakanmu ƙafafun suka yi abin da na zo da su su yi. Suka kafe, suna rawa a wuri ɗaya, kowa na kallo. Na bari aka gani da kyau. Sannan na tattara 'yar muryar da ta rage, wuri ya yi tsit har ana iya jina.

"Jama'a, wa ya gina ƙofar nan?"

"Kakanku, Allah ya jiƙanshi," in ji tsohon nan.

"To shi ma asirin ya binne mani?"

Wani ya tuntsire da dariya, wani ya ce subhanallahi, surutu ya ɓarke. Kabiru ya shiga yi masu bayanin likita. Ni ban ji ƙarshenshi ba, don na ɗago kai in dubi Sale, sai jikina ya tafi baya, sandar ta kuɓuce. Ban kai ƙasa ba. Gajeren nan ban san lokacin da ya fito ba, sai jin hannunshi na yi a bayana. Ya tsai da ni, ya kama hannuna yana ja in shigo, yana haki.

"Kada ka ja ni, ba ta jin ja. Miƙo ƙafarka nan gabana, a gicciye."

"In yi mi?"

"Tsallakewa zan yi."

Ya dube ni, ido ya kawo ruwa. Sai na ga tsohon Salen ya leƙo.

"Haba Yaya. Iya fa ta hana a tsallake yaro. So kake in ƙi ƙara tsawo?"

Dattawan nan suka kwashe da dariya har da masu buga tabarma, mutum da furfura a gemu yana jiran tsawo. Ya miƙo ƙafar, da ƙurar siminti a kan yatsun. Na ɗaga tawa na tsallake, sai ga ni cikin zauren kakanmu, hannuna cikin nashi. Ya zaunar da ni a kan dakali, ya tsuguna gabana, ya daɗe yana leƙen fuskata ta nan, ya leƙa ta can.

"Ranar nan da na zo, haka fuskar take?"

"Haka take. Ina ta kiranka, inji ya hana ka ji."

Ya sunkuyar da kai ya share ido da hularshi. Ya sake ɗagowa.

"To yanzu fa? Murna kake ko fushi? Don ni wallahi ban ga bambanci ba."

"Murna nake, ja'iri. Tun da aka haife ni ban taɓa murna irin ta yau ba."

"To ka riƙa faɗi da baki, Yaya," in ji shi. "Tunda fuskar ita ma ta yi ritaya."

Ya miƙe ya leƙa cikin gida yana ƙwala ma matarshi kira, a dama fura, a kama zakaran nan, Yaya ya zo.